Na harbi gada ta shige duhuwa, in ɗauko mai kare ko in jira asuba?

Ɗan Ningi: Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗazu dab da magariba na harbi gada da bindigar toka a bakin rafi. Ta gantsare, ta shige duhuwa. Na bi jini kamar taku saba'in, baƙi-baƙi ne, har da dattin tumbi kore-kore a jikin ciyawa, sai dare ya koro ni. Akwai mai kare a ƙauyen gaba, ya ce dubu biyar da cinya ɗaya. In tashe shi yanzu mu bi da tocila, ko in bari gari ya waye?

Mai Gwafa: Ka rabu da bindigar toka, ka koma baka da kwari.

Tsohon Maharbi: Yaro, a ciki ka same ta. Da huhu ne, da ka ga jini ja mai kumfa, kuma da ba ta yi nisa ba. Mai raunin ciki kwanciya take yi kusa da ruwa. Ka taso ta yanzu, sai wani gari. Bari sai asuba, raɓa na riƙe wari. Kare kuma a doguwar igiya, kada a sake shi.

Na Gwaram: Dubu biyar? Wallahi ya cuce ka. Mu nan dubu biyu ne, ba cinya.

Autan Dawa: Dubu biyun yaushe? Bana na biya bakwai, har da kuɗin acaɓa.

Baƙin Ƙarfe: Ni kada ma a yi mini zancen masu kare. Bara waccan da rani na raunata barewa, na ɗauko wani. Shanu sun riga sun tattake sawun, karen ya yi ta zagaye da mu har azahar, ƙaya duk ta yayyage mini wando. Ya ce mu haƙura. Na biya, na tafi. Washegari sai ga ƙanina ya gan shi yana babbaka kan barewa a bayan gidansa! Ashe karen ya nuna masa wajen, ya ja igiya ya kauce. Da na je sai ya rantse wai tasa ce. Har yau in na tuna, abinci ba ya mini daɗi.

Na Gwaram: Ka dai haɗu da ɓarawo, karen bai yi laifi ba.

Almajiri: Ku tsaya. In ta mutu ta kwana fa? A Risala an ce ana cin abin da kibiyarka ta kashe matuƙar bai kwana a ɓace maka ba. Baba, shawararka za ta mayar da ita mushe.

Tsohon Maharbi: Malam, ka ƙarasa karatun, akwai wani ƙaulin a gaba. Kuma da yawa da rai ake tarar da su, a yanka. Ka taɓa kwana a dawa kuwa?

Almajiri: Sanin dawa daban, sanin halal daban, Baba.

Mai Gwafa: Ku kira gadar a waya mana, ku tambaye ta ko za ta kai safe.

Autan Dawa: Ni karen ma nake nema. Nawa guda biyu aka sace a daminar nan, macen har tana shayarwa. Masu yawo da keji a bayan babur ne, ba wasu ba.

Baƙin Ƙarfe: Mu ma an ɗauke uku a unguwarmu. Guba suke sa wa a nama ko me?

Ɗan Ningi: Jama'a, ƙarfe goma ta wuce. In kira mutumin ko kuwa?