Aikin sa kai a baje kolin kayan tarihin Jidda: me ake sa mutum ya yi?

Rabi'atu_Karantina:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Za a baje wasu daga cikin kayan da aka haƙo a Balad, wato tsohon garin Jidda, kuma ana neman masu aikin sa kai da ke jin Hausa da Larabci saboda masu Umara. Ina son shiga amma ban karanci tarihi ba. Ta ina ake rajista? Wane aiki ake ba mutum? Kuma da gaske ne ana barin ɗan sa kai ya taɓa kayan?

Malam_Sani_Hindawiyya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Rajista ba wuya: a manhajar aikin sa kai ta ƙasa ake yi, ana shiga da Nafath, manhajar tantance mutum ta gwamnatin Saudiyya, sa'o'in da kika yi kuma a nan ake lissafa su. Ki tabbata iƙamarki, wato takardar izinin zama, ba ta mutu ba.

Abin da zai fi ɗaukar miki lokaci shi ne karatu, domin mai ziyara tambaya yake yi. Ki riƙe waɗannan tun daga gida. A shekara ta 26 bayan Hijira, wato wajen 647, Sayyidina Usman ɗan Affan ya mayar da tashar jiragen ruwan Makka daga Shu'aiba zuwa Jidda. Ganuwar garin an gina ta a farkon ƙarni na 16, zamanin Sarkin Mamluk na Masar Ƙansuh al-Gauri, ta hannun Husaini al-Kurdi, don tsoron jiragen Fotugal, waɗanda suka zo a 1517 ba su ci garin ba. An rushe ganuwar a 1947. Hukumar UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014.

Haƙar da ake magana a kai ta fara ne a ƙarshen 2020, a wurare huɗu: Masallacin Usman ɗan Affan, Shuna, wani yanki na ganuwar arewa, da ramin da ya kewaye ganuwa ta gabas. A farkon 2024 aka sanar da gutsattsari kusan 25,000. Sama da 11,000 tsingaro ne, wani sama da 11,000 kuma ƙasusuwan dabbobi, sauran ƙwanson halittun teku ne da kayan gini da gilashi da ƙarfe kaɗan. Abin da ya fi jan ido shi ne ginshiƙan baƙin icen abnus, dangin kanya, da aka samu a gefen mihrabin masallacin. Bincike ya nuna icen daga Sirilanka ya fito, kuma na ƙarni na farko zuwa na biyu ne na Hijira. Akwai tangaran na ƙasar Sin daga lardin Jiangxi, amma shi na baya-bayan nan ne, tsakanin ƙarni na 16 da na 19.

A nan sababbi suke zamewa: su ji "ƙarni na farko" sai su ɗora shi a kan duk abin da ke ɗakin. Kowane kaya da shekarunsa. Karanta katin da ke gabansa, ki faɗi abin da ke rubuce, kuma ki bayyana ko lissafin Hijira ne ko Miladiyya, domin tazarar ta kai wajen shekara 600.

Za kuma a tambaye ki kabarin Nana Hauwa'u, babu makawa. Ki ce ruwaya ce da mutanen garin suka gada, maƙabartar tana nan, amma ba ta cikin abin da masu haƙa suka tabbatar.

Hajiya_Umma_Adana:
'Yata, game da taɓawa: yawanci a'a. Buɗe akwatin gilashi aikin ma'aikacin adana ne. Naki shi ne ido, kuma a gari mai laima irin Jidda idon nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Dalili shi ne gishiri. Tukunyar da ta yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa kusa da teku ta sha gishiri har cikin jikinta, haka ma manƙabi, dutsen murjani na teku da aka gina Balad da shi. Idan laimar iska ta kai kashi 75 cikin ɗari gishirin ci yana narkewa, idan ta sauka sai ya sake daskarewa ya tura fatar tukunyar waje. Hawa da saukar nan ne ke ɓarna, fiye da laimar kanta. Shi ya sa kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da dare don rage kuɗin wuta, a kunna da safe, yake kashe kaya sannu a hankali. Ana so laima ta zauna tsakanin 45 da 55, zafin ɗaki kuma wajen digiri 20 zuwa 22.

To ga zagayen safe kafin a buɗe ƙofa. Duba na'urar auna laima ta kowane akwati, rubuta adadi da lokaci a littafi. Duba ƙasan kowane kaya: farin gari ko ɓarɓashi alamar gishiri ne. A jikin tagulla, koren da ya kwanta luf ba damuwa, amma kore mai haske kamar gari cuta ce da ke cin ƙarfen, kuma irin wannan kaya ana son laimarsa ƙasa da 40. Ƙwayoyin silika da ake sawa a ƙasan akwati suna shanye laima; mai ruwan lemo tana komawa kore idan ta ƙoshi, sai a sanar a canja. Kada ki hure garin, kada ki share, ki ɗauki hoto ki kira ma'aikaci. Idan wani abu ya gutsure, a bar gutsuren inda ya faɗi.

Goge gilashi kuwa, a fesa ruwan a jikin ƙyalle, ba a jikin gilashin ba, don yana bin kafa ya shiga ciki.

Idan aka sa ki a ɗakin shiri kika taimaka wajen ɗauka: cire zobe da awarwaro da katin wuya, ɗaure bakin hannun abaya, share inda za ki ajiye kafin ki ɗaga. Hannu biyu, ɗaya a ƙasa, kaya ɗaya a lokaci ɗaya, a kan tire mai shimfiɗar soso. Ba a ɗaukar tulu ta mariƙi ko ta baki, nan ne aka fi liƙawa da gam. Ki sa safar hannu koyaushe.

Abu_Hausawi_Gulail:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, zan ɗan ƙara a kan safar hannun. Ba kowace ba. Farar ta auduga tana santsi a kan tangaran da gilashi, kuma zarenta yana kama fatar da ta fara ɗagowa. Ta roba mai suna naitiril, daidai hannu, ita ake so, musamman ga ƙarfe saboda gumi yana barin tabo. Wasu wuraren ma sun yarda da hannu wankakke busasshe ga tsingaro mai sheƙi. A bi dokar gidan.

Abin da na fi jin tsoro shi ne lamba. Kowace leda tana da lambar wurin haƙa da ta shimfiɗar ƙasar da aka ciro kayan. Da ita ake sanin shekaru, domin na ƙasa ya riga na sama kwanciya. Tsingaron da ya rabu da lambarsa ya zama fasasshiyar tukunya kawai. Don haka leda ɗaya ake buɗewa, a gama, a mayar da takardarta, a rufe, sannan a taɓa wata. Ko kin ga guda biyu daga leda daban-daban sun dace da juna, kada ki haɗa su. Rubuta lambobin biyu ki miƙa.

Wajen baƙi, rukuni kada ya wuce mutum 12 zuwa 15, saboda ɗakunan gidajen Balad ƙanana ne kuma matakala tana da tsayi ga tsofaffi. Minti 20 ya isa, a zaɓi kaya biyar ko shida. Jaka da gorar ruwa a bakin ƙofa, hoto ba tare da walƙiyar kyamara ba. Yara sun fi tsayawa a wurin ƙasusuwa idan aka tambaye su wace dabba ce kuma me ya nuna game da abincin mutanen garin.

Wani zai nuna miki tsohon kwabo ya ce nawa zai yi. Kada ki yanka masa farashi, kada ki karɓa ki ajiye. Dokar kayan tarihi ta 2014 ta wajabta a sanar da abin da aka tsinta, ki haɗa shi da shugaban wurin ya tura shi Hukumar Turas, mai kula da kayan tarihi.

Rabi'atu_Karantina:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: idan aka tambaye ni abin da babu a kati fa?

Malam_Sani_Hindawiyya:
Ki ce za ki tambayo. A ajiye littafi a teburin shiga, a rubuta tambayar da lambar kayan, masu binciken su amsa kafin zagaye na gaba. Kuma ki nemi a ba ki fassarar katunan da Hausa a rubuce tun ranar horo, don duk masu Hausar su riƙa faɗin shekaru iri ɗaya.