Tsohuwar rasibata ba ta da HDMI, sifikokin baya sun yi shiru, a taimaka

Mai Tsohon Kaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, yau kwana huɗu abin nan ya hana ni sakat. Ina da rasibar sauti irin ta sinimar gida, tun 2006 na saye ta, da sifikoki biyar da wufa. Wata bakwai na yi ina tara kuɗinta daga albashina na farko, kuma ni kaɗai na ja wayoyin sifikokin baya ta ƙarƙashin kafet, da guduma da ƙananan ƙusoshi, har na buge babban yatsana. Kusan shekara ashirin ke nan ko fis bai taɓa ƙonewa ba. Maiɗakina kishiya take kiranta. Yanzu na sayi sabuwar talabijin mai 4K, ga Fire TV Stick, ga PS5 na yarona, duk HDMI ne, ita kuwa ba ta da kafar HDMI ko ɗaya. Na haɗa, sauti yana fitowa ta gaba kawai, na baya tsit. In na sa DVD kuma komai garau. Kada wanda ya ce in sayi sabuwa.

Ɗan Koyo: Wa alaikumus salam. Yaya, ka ce ka haɗa, da wace waya? Daga ina zuwa ina? Kuma me fuskar rasibar take rubutawa, PCM ko Dolby Digital, wato wane tsarin sauti ke shigo mata?

Injiniyan Sauti: Ba sai ya faɗa ba, na san cutar. PCM take rubutawa. Ku saurara. Wayar oftikal, mai jan haske a baki, Toshiba ce ta fito da ita tun 1983, kuma abu uku take iya ɗauka: sitiriyo na PCM (hagu da dama kawai), Dolby Digital 5.1, da DTS 5.1 (5.1 shi ne sifikoki biyar da wufa). Su Netflix kuwa Dolby Digital Plus suke turowa, wanda rasibarka ba ta jin yarensa, sai talabijin ta mayar da shi sitiriyo ta miƙo mata. Maganar ARC, wato dawo da sautin talabijin zuwa rasiba ta wayar HDMI, ka manta da ita, a 2009 ya zo tare da HDMI 1.4, kai ko kafar ba ka da ita. PS5 ma ba ta da oftikal. Magani ɗaya ne: ɗan akwatin da ke cire sauti daga HDMI. Na'urarka ta shiga cikinsa, hoto ya wuce talabijin, sauti ya fita ta oftikal zuwa rasiba. Ka nemi mai kafafun shiga da yawa, mai ɗaukar 4K da HDCP 2.2 (tsarin hana kwafar fim), in ba haka ba hotonka zai sauko ko allon ya yi baƙi. Akwai ɗan maɓalli a jikinsa, ka tura shi kan 5.1. Na haɗa wa mutane irin wannan ba adadi.

Maman Biyu: Hmm. Ni dai ina bayan uwargida. Namu maigidan rimot huɗu ne a kan tebur, in ba ya nan ko labarai ba ma iya kunnawa sai na kira shi a waya yana ce min "danna na biyu daga hagu". Bayan talabijin kamar saƙar gizo, in na zo shara sai faɗa. Malam, ka sayi doguwar sifikar nan da ake ajiyewa a ƙasan talabijin, waya ɗaya, kowa ya huta.

Tsohon Hannu: Injiniya, da girmamawa, ka yi saurin tura shi sayayya. Malam, duba bayan talabijin ɗinka, galibinsu suna da kafar oftikal. Ka bar komai a jikin talabijin, ka ja oftikal ɗaya zuwa rasiba. Sai ka shiga saitin sauti, inda aka sa PCM ka mayar da shi na kai-tsaye ko na atomatik. A Fire TV ka zaɓi Dolby Digital zalla, marar Plus. A PS5 ma ka zaɓi Dolby. Talabijin da yawa da kansu suke juya Plus ya koma Dolby Digital na da. Shi akwatin nan ba ya juya komai, abin da aka ba shi yake miƙawa, saitin nan dai sai ka yi shi.

Injiniyan Sauti: "Da yawa" ba "duka" ba ne. Akwai waɗanda ba sa wuce da 5.1 daga HDMI zuwa oftikal, akwai waɗanda suka jefar da DTS gaba ɗaya. Ga jinkiri, baki ya motsa sannan magana ta biyo baya. Yaron zai harba bindiga a wasa ya ji ƙarar daga baya.

Tsohon Hannu: Da akwatinka kuma magana ce za ta iya riga baki, tunda ba ta jira talabijin ta gama sarrafa hoto ba. In rasibar ba ta da wurin jinkirta sauti fa? Kuma manhajojin da ke cikin talabijin ɗin ba ta akwatin suke bi ba.

Mai Tsohon Kaya: Na gode ƙwarai. Ɗan Koyo, PCM ko Dolby ba ta rubuta ko ɗaya. Oftikal ɗin talabijin na sa, amma ya shiga wani ɗan akwati da mai shagon ya haɗo min, daga nan waya ja da fari ta tafi rasiba. Saitin Dolby na gwada shi tun ranar farko, wata ƙara ce ta fito shhhh kamar ana soya abu, yara suka toshe kunne, na mayar PCM.

Ɗan Koyo: Yaya! Ai ga ɓarawon nan. Ja da fari hagu da dama ne kawai, ko shekara za ka yi ba za su ba ka 5.1 ba. Ƙarar ma daga akwatin take, PCM kaɗai ya sani. Rasibar ba ta da oftikal ne?

Mai Tsohon Kaya: Tana da biyu, amma DVD da tsohuwar dikoda ne a kai. Sai wata kafa mai ruwan lemo da ban taɓa sa komai ba.

Tsohon Hannu: Kowaksiyal ke nan, aikinsu ɗaya da oftikal. In DVD ɗin yana da irinta a baya, mayar da shi can, ka ba talabijin oftikal ɗin, ka cire akwatin mai shagon. Wataƙila sai ka shiga saitin rasibar ka nuna mata DVD ya koma sabuwar kafa.

Mai Tsohon Kaya: To ai matsalar ke nan. Littafinta ya ɓata, rimot ɗin ma maɓallin saitin ya shafe. DVD shi kaɗai ne ke aiki daidai a gidan nan, in na taɓa shi ya rikice na yi biyu babu. Kuma mai shagon ba yaro ba ne, ya ce min sabuwar talabijin ba ta shiga tsohon kaya sai da akwatin. Ga kabad ɗin sai mutum biyu ke ja.

Maman Biyu: Dikodar tana aiki ma kuwa?

Mai Tsohon Kaya: Ba mu biya ba tun bara, amma wataƙila mu dawo.

Injiniyan Sauti: Kun gani. Na ce akwatin cire sauti, kun tsaya dogon turanci. Shi ma oftikal ɗaya yake buƙata, ka zare dikodar. Kafin nan danna Pro Logic II a rasibar, za ta raba sitiriyon zuwa baya, na bogi ne amma ya fi shiru.

Mai Tsohon Kaya: Na danna, na baya sun ɗan yi motsi amma ba kamar DVD ba. Zan duba ranar Asabar in ƙanina ya zo. Amma babu wata hanya da ba sai na zare komai ba?

Sabon Shiga: Salam, ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Ni tawa tana da HDMI, ta 2010 ce, amma in na bi ta cikinta 4K ba ya fitowa. Akwatin cire sautin nan zai yi min?