Wace lamba ake bai wa lufus na fata idan likita bai fayyace nau'insa ba?

Sabuwar ma'aikaciya:
Assalamu alaikum. Watana huɗu ke nan a sashen adana bayanan marasa lafiya, inda muke sanya wa cututtuka lamba bisa kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya. A makon jiya fayil ɗin wata baiwar Allah ya zo hannuna, likita ya rubuta lufus kawai, sunan da aka fi sanin cutar nan da shi wadda garkuwar jiki take afka wa jikin mai ita, sannan ya ƙara da cewa akwai tabo a kunci da cikin kunne, gashin tsakiyar kanta kuma ya zube. Da na buɗe kundi sai na tarar da lufus a wuri biyu: L93 a babin fata, M32 kuma a babin gaɓoɓi da tsoka. Na ajiye fayil ɗin a gefe, domin ina tsoron in liƙa wa mutum cutar da ba tasa ba. Ina roƙon manya su yi mini jagora.

Tsohon ma'aikacin sashen kati:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin yi daidai da kika dakata. L93 na lufus ɗin da ya tsaya a fata ne, kuma rassansa uku ne. L93.0 shi ne mai fitowa kamar faifai yana barin tabo, L93.1 shi ne mai zobe-zobe da yawanci yake warkewa ba tabo, L93.2 kuma ya haɗa sauran, musamman wanda yake nutsewa cikin kitsen da ke ƙarƙashin fata. M32 kuwa na wanda ya bi jiki ne, yana iya taɓa ƙoda da jini da gaɓoɓi.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar lufus ita kaɗai. Akwai lufus bulgaris, wanda tarin fuka ne na fata, lambarsa A18.4, kuma a ƙasa irin tamu da tibi yake da yawa ba a wasa da wannan bambanci. Ko da bayanin ya yi kama da L93.0, ba aikinmu ba ne mu gano cuta daga bayanin alamu. Ki ɗauki fayil ɗin ki koma wa likitan, ya rubuta cikakken suna da hannunsa.

Likitar fata:
Malama, ina goyon bayan abin da yayanmu ya faɗa. Alamun da kika lissafa na mai faifai ne a mafi yawan lokuta: a baƙar fata tsakiyar tabon yakan yi fari, gefensa ya yi baƙi ƙirin, inda ya ci fatar kai kuma gashi ba ya sake tsirowa. Amma wasu daga cikin masu irin wannan tabo cutar takan shiga jikinsu, shi ya sa muke duba fitsari da jini kafin mu yanke magana. Idan an tabbatar ta bi jiki, to fayil ya bar L93 ya koma M32, domin kundin da kansa ya ware su, idan kuwa ƙoda ta taɓu M32.1 ne.

Ki kuma lura da L93.1, domin magunguna sukan haddasa shi, kamar haidurokulorotayazaid da ake sha don hawan jini. A nan kundin ya yarda a ƙara lamba ta biyu daga Y40 zuwa Y59 don a nuna maganin.

Sabuwar ma'aikaciya:
Allah ya saka muku da alheri. Na sami likitan yau da safe bayan ya gama zagayen marasa lafiya, ya duba sakamakon fitsari da na jini, ya rubuta cewa mai faifai ne kuma bai wuce fata ba. Na sanya L93.0, na mayar da fayil ɗin ma'ajiyarsa.