Shawarwari kan gano lokaci mafi tsawo da manhaja za ta ci

Abin da injiniyoyi suka fi nanatawa idan ana tattauna lokaci mafi tsawo da manhaja za ta ci shi ne gwaji kaɗai ba ya isa. Ko sau dubu ka auna manhajar birkin mota, hanyar da ta fi cin lokaci tana iya ɓoye maka. Don haka ake bin manhajar layi-layi tun ba a kunna ta ba, a fitar da iyakar da ba za ta haura ba, kamar yadda kamfanin ƙera jiragen sama na Airbus ya yi da aiT, wata manhajar yin irin wannan bincike, a jirgin A380.

Don a iya fitar da wannan iyaka, duk umarnin da ke maimaituwa a ƙayyade masa adadi. A guji aikin da ke kiran kansa, wato sashen manhaja da ke sake kunna kansa. Ma'ajiyar kash kuwa, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke riƙe bayanan da kwamfuta ta yi amfani da su kwanan nan, a ganina nan gizo ke saƙa: umarni guda yanzu ya wuce nan take, anjima ya tsaya jiran babbar ma'ajiya.