Wa ya taɓa canza kujerar gaba a tsohuwar akori-kura?

Daga Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Peugeot 504 akori-kura, da ita nake kai kaya Gujungu ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis. Doguwar kujerar gaba ta mutu murus, soso ya zube, ƙarfe na suka ta, sai na ninka tsohon bargo nake iya zama. Ciwon baya ya sa ni gaba. Na ga kujeru ɗai-ɗai na gwanjo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, masu rungume ƙugun nan. Don Allah wanda ya taɓa sawa ya ba ni labari kafin in zuba kuɗina.

Daga Gaya:
Wa alaikumus salam Malam. Bara na sa wa tsohuwar Hilux ɗina, kuma wallahi bayana ya huta. Amma ban auna ba na saya. Ramukan noti ko ɗaya bai zo daidai ba, ga kujerar ta yi tudu: duk ramin da na faɗa sai kaina ya bugi rufi, sitiyari kuma na gugar cinya. Sai da aka rage ƙafafun. Ka tafi da tef, ka auna tsayi daga daɓen mota, da faɗi daga ƙofa zuwa tsakiya.

Mai walda, Wudil:
Alhaji, ni sana'ata ke nan, kuma abin da ke tayar min da hankali shi ne ɗaurin. Kada ka yarda a liƙa layin kujera da walda a jikin daɓe. Ƙarfen wurin siriri ne, a tsohuwar mota kuma tsatsa ta gama cinye shi a ƙarƙashin roba. A haɗa firam da ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi a ramukan asali. In dole sai an huda sabo, a sa faranti mai kauri ta ƙasa, noti kuma mai lamba 8.8 a kansa. Kafin a kunna wuta a cire kan batir, a leƙa inda bututun mai ya bi. An taɓa kawo min wata da aka kafe kujerarta da ƙananan sukurori huɗu. Saniya ta shigo titi, direban ya taka birki, kujerar ta tumɓuke da shi, ƙirjinsa ya daki sitiyari. Allah ya yi da sauran kwana.

Daga Dambatta:
Ni kam mayar da doguwar na yi bayan wata biyu. Gidan gaba mutum uku yake ci, ya koma biyu. Ko in rasa kuɗin fasinja ɗaya, ko yaron mota ya hau kan kaya ruwa na dukansa. Na kai wa mai ɗinkin kujera ya sa sabon soso, shi ke nan.

Daga Haɗeja:
Maigida, nemi wadda ake matsarwa da hannu, ka bar ta lantarki. In ka ga fulogi rawaya a ƙasanta, na jakar iskar nan ne mai kumbura in an yi hatsari, kada mai wayarin ya jona masa wuta. Ka tabbata bel ya samu maɗauri mai ƙarfi. Kuma ka ɗauki ta yadi, ta leda ba ta zaunuwa da zafin bazara.

Daga Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yanzu na ɗaga robar ƙasa, ga rami ta gefen direba har ina hango yashi. Gobe in sha Allahu wajen mai walda zan fara.