Birki shu na baya: dole ne a canza ɓangare biyu tare?

Mai Golf 3: Salam jama'a. Jiya na kai motata garejin unguwa saboda tayar baya ta dama tana ƙara in na taka birki, aka buɗe duram, wato gangar ƙarfen da ke juyawa tare da taya, aka ga shu ɗin, wanda ke matse duram daga ciki in an taka birki, ya cinye har ƙarfe ya fara gogar duram, na hagu kuma da sauran nama a jikinsa. Bakaniken ya ce lallai sai na canza duka biyun, ni kuma na ce cin kuɗi ne kawai, abin da bai lalace ba me zai sa a taɓa shi? Ai birkin gaba ne ke riƙe mota, na baya rakiya yake yi.

Direban haya: Wallahi ina bayanka. Ni sau nawa na canza ɓangare ɗaya na ci gaba da lodi, ba abin da ya faru. Da tsadar kayan nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano mutum ya lallaɓa kawai.

Tsohon bakanike: Ɗana direba, Allah ne ya tsare ka. Gaskiya ne birkin gaba ya fi ɗaukar aiki don nauyin mota gaba yake komawa in an taka, amma in tayar dama tana da sabon shu ta hagu tana da tsoho to kamunsu ba zai zo ɗaya ba, a busasshiyar kwalta ba lallai ka ji ba, ranar da aka yi ruwa ko ka hau yashi ka taka da ƙarfi, ɗaya ta kama ɗaya ta saki, sai bayan motar ya juya maka. Shi ya sa ake sayar da shi guda 4 a kwali, biyu kowace taya.

Mai Golf 3: Baba na ji, amma na hagun nan fa na gani da idona yana da kauri.

Tsohon bakanike: To nan ne ma ya kamata ka tsaya ka yi tambaya. Me ya sa ɗaya ya cinye ɗaya bai cinye ba alhali rana ɗaya aka sa su? Ko dai na dama yana maƙalewa, sifirin ya saki ko wayar hambirki ta cije, ko kuma na hagun ne ba ya aiki sam, silindar da ke tura shi ta daskare. Kaurin da ka gani wataƙila don bai taɓa kamawa ba ne.

Mai sayar da kayan gyara: Alhaji ka sa a ɗaga robar da ke bakin silinda, in ka ga danshi to man birki na yoyo. Shu ɗin da ya sha mai ya gama aiki.

Direban haya: Haba oga, ai wankewa ake da fetur a goge da samfefa a mayar.

Mai sayar da kayan gyara: Saman kawai ka wanke yallaɓai, man ya riga ya shige ciki, yana ɗaukar zafi zai sake tsattsafowa. Kuma ba don in yi ciniki nake faɗa ba, ka saya a duk inda ka ga dama.

Yaron gareji: Ni abin da oga ya koya min a Golf, duram ɗin baya tare yake da boris, sai ka cire hula da fin da noti kafin ya fito, kuma in ya ƙi fitowa ba guduma ake sa masa ba, akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar tsinin gatari da ke saita shu da kansa, ta ramin notin taya ake zura sukundireba a tura shi sama sai shu ya saki. Kuma ba ma kwance ɓangare biyu lokaci guda, ɗaya muke bari muna kallo saboda sifirin ɗin suna da rikitarwa.

Tsohon bakanike: Allah ya yi maka albarka. Ka ƙara da wannan, ƙurar cikin duram kar ka hura ta da baki ko da iskar falkanaiza, tsofaffin shu da yawa akwai asbestos a ciki, yana lalata huhu a hankali. A jiƙa tsumma a goge.

Direban haya: Ni dai har yanzu ina ganin in na hagun lafiya lau yake kuma silinda ba ta yoyo, a bar talaka ya huta.

Mai Golf 3: Na kira bakaniken nawa yanzu, ya ce silindar hagu a daskare take, fistin ɗin ko motsi ba ya yi. Na ce ya sa sabuwa ya canza shu duka huɗun ya fitar da iska daga layin man birki. Baba, shi kuma duram ɗin da ƙarfe ya karce fa, a kai a wasa shi ko sabo zan nema?

Tsohon bakanike: A auna faɗin cikinsa tukuna, yawanci akwai iyakar da aka rubuta a jikinsa da milimita. In wasawa za ta wuce lambar nan ka nemi wani. Ka turo min hotonsa in gani.