Shin duk abin da ya kwanta a ƙasa aluwiyam ne?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Malamai, a darasin labarin ƙasa ana cewa sedimenti, ana kuma cewa aluwiyam. Abu ɗaya ne?

Malamin Ƙasa: Wa alaikumus salam. A'a. Sedimenti shi ne babban suna: duk ɓurɓushin da ruwa, iska ko ƙanƙara suka ɗauko suka zube, har abin da ya kwanta a ƙarƙashin teku. Aluwiyam kuwa sai wanda ruwa mai gudu ya ajiye, a cikin kogi, a fadama bayan ambaliya, ko a bakin kogi. Rairayin da iska ta tara a hamada sedimenti ne, amma bai shiga aluwiyam ba.

Mai Awon Ƙasa: Ɗan'uwa, don ka gane aluwiyam, duba duwatsun wurin. Na kogi sun goge, sun mulmule. Waɗanda suka gangaro daga tudu suna da kaifi, a cakuɗe babu tsari. Kogi yana tantancewa: tsakuwa, wadda ta haura milimita 2, ita ke fara zama inda ruwa ke da ƙarfi, sai yashi, laka kuma sai inda ruwa ya lafa. Shi ya sa ramin fadama ke nuna hawa-hawa.

Injiniya: Zuba ƙasar a kwalba da ruwa, ka girgiza. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, yumɓu sai ya kwana ko fiye. Kuskuren masu gini a kan aluwiyam shi ne auna saman kaɗai. Sau da yawa akwai laka mai taushi a ƙarƙashin yashin, daga baya harsashi ya nutse, bango ya tsage.